Ƙwayoyin da Saude ta adana a kwalla

Har gobe ban manta da wata Laraba ba, wata guda bayan Babbar Sallah, lokacin ina ƙaramar jami'ar lafiya a wani ɗakin shan magani kusa da Fagam. Laraba ce ranar masu tazarar haihuwa a wurinmu, layi har gindin darbejiya. Ni kuwa a lokacin ji nake ba wanda ya kai ni sauri: in auna jini, in miƙa katin ƙwaya, in ce "kullum ɗaya", in kira ta gaba.

Saude na cikin waɗanda na sallama haka. Wata tara kafin ranar, naƙuda ta gardama mata, aka kai ta Birnin Kudu aka yi mata tiyata. Likita ya ja kunnenta kada ta ɗauki ciki sai bayan shekara biyu, don ɗinkin mahaifa na iya buɗewa, a rasa uwa da ɗa. Mijinta da kansa ya kawo ta wurinmu a babur, na ba ta kati uku na wata uku.

A Larabar nan sai da kowa ya watse ta shigo da goyonta, ta ce mini a hankali ta yi ɓatan wata. Na ce in ga katunan. Ta kwance bakin zani, sai ga biyu ko ɓare su ba a yi ba.

"Ai lokacin maigidan ba ya gari, Malama," in ji ta. "Yana kudu cin rani. Wa zan sha wa?"

Ashe tun da ya tafi ta adana su a kwalla, don kada a yi asarar magani. Ranar da ya bugo waya cewa yana hanya, ta haɗiye uku a tashi ɗaya, sannan ta ci gaba da ɗaya-ɗaya. Ya dawo, ta shanye katin, jini bai zo ba.

Na kira Hajiya Tabawa, ungozomar da ke shugabantar wurin. Ba ta yi faɗa ba. Ta sa aka kawo fitsari, ta tsoma tsinken gwaji, ta gaya wa Saude cewa layi biyu ciki ne, layi ɗaya babu. Minti biyar ake jira. Saude na jijjiga yaron da ba ya kuka, ni kuma ina ta tuna tabon da ke mararta. Tsoro na ji sosai.

Layi ɗaya ya fito. Saude ta durƙushe tana hamdala.

Hajiya ta zaunar da ita ta yi mata bayanin da ban taɓa yi mata ba. Ta ce jikin mace na sakin ƙwan haihuwa duk wata, miji na gari ko ba ya gari. Aikin ƙwayar shi ne ta hana sakin, kuma in an daɗe ba a sha ba, sai an jera kwana bakwai ana sha kafin ta soma karewa. Uku a tashi ɗaya ba abin da za su ƙara sai tashin zuciya. Ta ce shingen gona ba a ranar da awaki suka shigo ake kafa shi ba. Jinkirin jinin kuwa, shayarwa da shan ƙwaya a hargitse na iya kawo shi, amma ta dawo bayan sati biyu a sake gwaji. Ta dawo, babu komai.

Saude na gyara goyo a ranar farkon nan ta dube ni, ba da fushi ba, ta ce, "Da kin faɗa mini haka tun farko, Malama, ai da na sha."

Hajiya dai ta ci gaba da rubutu a rajista. Na gwammace a ce ta zage ni.

Shi ya sa nake gaya muku, ku 'yan baya, matan ƙauyukan nan ba sa wasa da magani, tattalinsa suke yi kamar hatsi. In kun ba su umarni ba dalili, za su nemo dalilin da kansu. Allah ne ya rufa mini asiri a kan Saude, ba iyawata ba. Tun daga ranar ba na sakin kati sai na tambayi mace, "In maigida ya yi tafiya fa?" In tsaya in ji amsarta, ko da layin ya kai titi.