Malam Jumare da Awon Duniyar Cikin Waya

Malam Jumare ya yi ritaya ne daga koyar da lissafi a firamare, kuma a layinsu na Ƙofar Kuyambana da wuya ka sami magidancin da bai taɓa tsayawa gaban allonsa ba. Dogo ne, marar yawan dariya, mai son a tambaye shi abu. In za a raba naman watanda ko a auna fili, shi ake kira. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai tun ƙuruciya, wato ƙaninsa Rilwanu.

Uwa ɗaya uba ɗaya suke. Jumare ne ya koya masa tarawa da ɗebewa da tsinke a ƙasan zaure, amma Rilwanu ne ya wuce jami'a ya karanci safiyo, ya yi aikin gwamnati a Kaduna, ya dawo ya gina gida a Tukur-Tukur. Dangi Injiniya suke ce masa. Bai taɓa ɗaga wa yayansa murya ba, wannan ma yana ba Jumare haushi, don bai bar masa abin kamawa ba.

Autar Jumare, Zakiyya, ta gama jami'a tana jiran tafiya bautar ƙasa. Zaman gida ya sa ta kama wani gem na waya, inda mutum yake noma, yake kiwo, yake yawo daga gari zuwa gari. An shimfiɗa duniyar gem ɗin murabba'i-murabba'i kamar tayil ɗin tsakar ɗaki, komai a kan tayil yake zaune.

Wata Asabar Rilwanu ya zo gaisuwa. Bayan la'asar suna zaune a tsakar gida, sai Zakiyya ta wuce ta gaban mahaifinta ta durƙusa kusa da ƙaninsa.

"Baffa, in da wannan duniyar gaskiya ce, girmanta zai kai ina?"

Rilwanu ya sa tabarau, ya tambaye ta tsawon lokacin da ɗan mutumin cikin gem ɗin yake ɗauka kafin ya ƙetare ta. Ta ce daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, a lissafin gem ɗin.

"Tafiyar yini kenan," in ji shi. "Ki ɗauka daga nan zuwa rabin hanyar Kaduna."

Zakiyya ta ce kai, Baffa akwai kai. Jumare yana gefe da radiyo a cinya. Ya jira ta juyo ta ce, Baba, kai me ka gani? Ba ta juyo ba.

Ranar Litinin ya je wurin masu gyaran waya ya ce a sa masa gem ɗin, ya ce na jikansa ne. Ya dawo ya ari tef ɗin ɗinkin matarsa, Hajiya Rakiya, ya auna faɗin ƙofar zaure.

"Malam, ƙofa za a canza?" ta tambaye shi.

"A'a."

Dabararsa ita ce: a gem ɗin kowace ƙofa tayil ɗaya take ci, ƙofa kuwa ba ta wuce mita guda ba. In ya san yawan tayil daga wannan bakin duniyar zuwa wancan, ya gama. Sai dai gem ɗin ba ya barin baƙo ya wuce kogi sai ya gina gada, gada kuwa sai da katako, katako sai da gatari. Haka dattijon ya shiga saran itace da shuka masara da babban yatsa, yana ƙirga tayil a baki. Ya daina zama majalisar ƙofar masallaci bayan azahar. Hajiya Rakiya ta leƙa ta kafaɗarsa wata rana, ta ga abin da yake yi, ta koma madafa tana dariya ƙasa-ƙasa.

Da ya isa ɗaya bakin, lissafi ya ba shi tayil kusan dubu da ɗari biyar. Kilomita ɗaya da rabi kenan. Ya ji wani daɗi da rabonsa da shi tun yana aji.

Da Rilwanu ya sake zuwa, Jumare ya bari aka ci abinci, sannan ya yi gyaran murya.

"Injiniya, wannan duniyar da ka ce ta kai rabin hanyar Kaduna, in ka shimfiɗa ta daga ƙofar nan, ko Wusasa ba za ta kai ba."

Ya zayyana musu yadda ya yi. Rilwanu ya saurara har ƙarshe, ya gyaɗa kai.

"Wallahi Yaya, hanyarka ta fi tawa. Ni daga sama na faɗa."

Shi kenan. Ba gardama, ba ɓacin rai. Abin da Jumare ya sha makonni a kansa, ƙaninsa ya miƙa masa shi kamar mai miƙa goro.

Zakiyya ta karɓi wayar tana dubawa. Ta ce, "Amma Baba, kaza ma tayil ɗaya take ci. Saniya ma haka. Dutsen can kuwa tayil huɗu ne kawai."

Rilwanu ya fashe da dariya, ya ce ashe dukansu biyu masu gem ɗin sun yi musu wayo. Jumare bai yi dariya ba. Ya san da kazar. Ya gan ta tun farko, ya kau da kai.

Bayan tafiyar Rilwanu, ya kira 'yarsa.

"Me ya sa ba ni kika tambaya ba?"

Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafinta. "Baba, in na tambaye ka abu, sai ka ce in fara gwadawa tukuna, ka tsaya a kaina. Baffa kuwa amsa kawai yake bayarwa."

Ya so ya ce mata haka ya yi wa Baffan nata har ya zama abin da ya zama. Sai kawai ya sallame ta.

Zakiyya ta tafi bautar ƙasa a Gombe. Jumare bai goge gem ɗin ba. Ya faɗaɗa gonarsa, ya haƙa rijiya, kuma in ta bugo waya takan tambaye shi yadda masara ta yi. Yana jin daɗin wannan tambayar fiye da yadda zai yarda ya nuna.

Wata Juma'a suna cikin hira sai ta ce, "Baba, ka san Baffa ma ya sa gem ɗin? Ni na tura masa."

Jumare ya sauke wayar daga kunne, ya bi ta da kallo.

"Baba, kana ji na?"

"Ina ji," ya ce. "Ya gina gada?"

"Tun jiya. Har ya fara ta biyu."

Ya ce mata ladan ya kira salla, ya kashe wayar. Hajiya Rakiya ta dubi sama, ta dube shi, don rana ko tsaka ba ta yi ba. Shi kuwa ya jawo kujerarsa inuwa, ya goge tabarau da bakin riga, ya shiga neman katako.