Munduwar Gwaggo Ladidi

Gwaggo Ladidi, yayar babanmu, ba ta gaisawa da hannu kamar sauran mutane. Kana miƙa mata tafi sai ta zarce shi, ta cafki damtsenka da yatsu biyu, ta matsa, ta karkata kai kamar mai zaɓen kankana, sannan ta faɗi sakamako. Sai bayan nan za ta tambayi mutanen gida. Ku da kuka zauna da ita a unguwarmu ta Alsawra a Umdurman kun sani, babu wanda ya tsira: amarya, mai jego, mai sayar da gawayi, har bawan Allahn da ke zuwa duba mitar wuta.

Kuma sakamakon hawa-hawa ne. Na can ƙasa shi ne "tsinke". Sama da shi "kara". Idan ka ɗan taɓuka sai ta ce "an fara mutum". Mace idan ta kai inda ake so, "ta cika tob" ke nan, wato zanen lulluɓin nan namu ya sami abin da zai rufe. Na ƙoli kuwa, Gwaggo sai ta saki hannun a hankali, ta ce "tubarkalla", ta yi tofi gefe saboda baki. Kalmomin da wasu ke faɗa da su, irin su ƙatuwa da lukuta da narkekiya, a bakinta kirari ne. "Siririya" ce kawai ba ta faɗa da ƙarfi, sai ta rage murya kamar mai ambaton cutar da ba a so maƙwabta su ji.

Abin dariyar, ita kanta alƙaliyar ba ta kai ko "kara" ba. Idan iska ta taso muna ce wa juna a riƙe Gwaggo. Wanda ya yi ƙarfin halin tuna mata sai ta ce ita gonar auduga ta cinye rabonta a Jazira tun tana yarinya, mu 'yan birni ne ba mu da hujja. Ni kuwa tun ina rarrafe ta sa min Tsinke. Sunana Safiya, amma ban taɓa jin sa a bakinta ba.

Kun tuna ranar da Hajja Batula, maƙwabciyarmu, ta shigo gaisuwa? Mace ce da Gwaggo ke wa tofi sau biyu. Ta sami angarib, gadonmu na igiya, ta zauna, sai ji muka yi ƙaras, ƙafa ɗaya ta tafi, Hajja ta bi ta. Kowa ya sunkuyar da kai don kunya, babarmu ta fara salati. Gwaggo kuwa sai ta dafe hanci ta rangaɗa guɗa. Da aka kira kafinta ta kore shi. Ta sa aka jingine gadon a zaure, duk baƙon da ya shigo sai ta nuna masa ta ce, "A gidan nan aka yi. Batula ce, da zama ɗaya." Hajja Batula ta yi watanni ba ta bi ta ƙofarmu ba. Gwaggo ta ce ai haka manyan mata suke, ba sa son yabo.

Sai kuma shekarun da ake tare motoci ana kwashe samari a kai su horon soja. Ƙanena Sani ya shiga hannu a kasuwar Suk al-Shabi, bayan watanni ya dawo kai a aske, wuya kamar na zakara. Muna ta murna, Gwaggo ta kama damtsensa ta laluba, ta sake lalubawa. Sai ta shiga ɗaki ta ɗauko tob ɗinta na fita unguwa. Baba ya tambaye ta ina zuwa, ta ce bariki.

"Mutum guda na ba gwamnati, ta dawo min da rabi. Zan je in tambayi sauran."

A zamanin nan ko a cikin ɗakinka ba ka ambaton soja sai ka leƙa taga. Baba ya tare ƙofa yana gumi, yana haɗa ta da Allah da Annabi, da ƙyar ta ajiye tob. Kwana biyu sai ga mutumin kwamitin unguwa, wanda ke rabon katin sukari, ya shigo da tumbinsa a gaba. Gwaggo ta tarbe shi da fara'a, ta matsa damtsensa, ta juyo ta ce wa Baba, "Kalas, shi ke nan, na fasa zuwa. Ga inda sauran Sani ya tafi." Mutumin ya yi godiya, a zatonsa yabo ne.

To, babban makamin Gwaggo shi ne munduwarta. Ta azurfa ce, kewayayya ba baki, ta gaje ta daga uwarta, wadda ta taso da ita a hannu tun daga Haɗeja a kan hanyar Makka, tafiyar da ta ƙare a Jazira. A hararmu, wato unguwarmu, ba a kai amarya sai ta ci munduwa. Gwaggo za ta zura mata ita ta tura sama. Idan ta cije kafin gwiwar hannu, amarya ta nuna. Idan ta wuce, a koma ɗaki a ci gaba da shan madida, kunun hulba mai kauri da madara da man shanu. Ba liman ya kafa dokar ba, ba gwamnati ba, amma ta fi tasu aiki. 'Yan matan da ke sayen ƙwayoyin ƙiba a kasuwa kuwa, da matsa ɗaya take gane su. Ta ce wannan ƙibar aro ce, fuska ta kumbura ƙafa na nan jiya-i-yau, kuma duk wadda ta kama da su sai ta zubar a masai.

Ni ina koyarwa a firamare lokacin da Usman ya fito neman aurena. Makaniki ne a Suk al-Shabi, kuma ya sami bizar aiki a Jidda, dole ya tashi bayan Babbar Sallah. Magana ɗaya ce: ko a ɗaura a kai ni kafin tafiyarsa, ko a bari sai ranar da Allah ya dawo da shi, kuma duk mun san yadda irin wannan jiran ke ƙarewa. Baba ya ce shi ba shi da ta cewa, sai abin da Yaya ta ce, don ita ta goye shi.

Gwaggo ta sa aka kira Usman. Ta zaunar da shi, ta nuna ni da haɓa.

"Ya zol, kai bawan Allah, tsakaninka da Allah, me ka gani a nan?"

Ya sunkuyar da kai ya ce shi haka yake so na, ko tsoka ɗaya ba ya son a ƙara. Gwaggo ta ɗaga yatsu a gaban fuskarsa ta ce ya ƙirga. Da ya ƙirga daidai sai ta sallame shi, ta ce mana tunda idonsa lafiya, to marowaci ne, ya riga ya auna abin da zan ci.

Aka zura min munduwa, ta wuce gwiwa ko sallama babu, sai da ta kai hammata. Washegari aka rufe ni a ɗaki, da yake ana hutun makaranta. Da asuba madida. Da hantsi madida. Da rana tuwon asida, da la'asar dabino jiƙaƙƙe a madara, kafin barci kuma madida ta sake dawowa. An hana ni shara, an hana ni wanki, an hana ni dariya mai yawa, wai tana cin jiki. Lokacin sukari sai da kati, ɗan abin da ake ba gida ba ya isar shayi ma. Gwaggo ta sallama nata kason gaba ɗaya a tukunyata, ita ta koma kurɓar shayi tana gatsar dabino, tana cewa dama sukari na sa ta jiri.

Na rantse muku na sha. Ban zubar ba, ban ba kowa a ɓoye ba, sai ragowar da ta fi ƙarfina. Amma ragowar nan ita ta yi aiki. Sani ya dawo da rabinsa da gwamnati ta riƙe. Kyanwar gidanmu ta daina hawa katanga. Usman da ke zuwa gaisuwa ana ba shi kwano, maɓallin rigarsa ya fara neman agaji. Ni kaɗai, duk Juma'a a zura munduwa, ta tafi hammata ta zauna kamar gidan ubanta.

Da farko ina dariya, daga baya na daina. Layya ta matso, uwar Usman ta fara aiko da tambaya, Baba ya koma kwana a shago don kada a haɗa ido. A karon farko a rayuwata na tsaya gaban madubi na ji na tsani jikina, kuma na ji haushin Gwaggo har cikin raina. Juma'ar da ta rage saura ɗaya, da munduwa ta sake wucewa, sai na fashe da kuka a gabanta.

"Gwaggo, haka Allah ya yi ni. Ke ma haka ya yi ki. Laifin me muka yi?"

Gwaggo ta miƙe. Ta zare munduwarta, ta ɗaure a bakin zane, ta fita. Washegari ta ce za ta kasuwar Umdurman wurin mai magani, akwai wani sassaƙe da ake sa wa a madida. Ta dawo da yamma da ƙullin wani gari mai ɗaci, ta tsaya a kaina sai da na shanye.

Ranar gwajin ƙarshe matan hara suka cika tsakar gida. Hajja Batula ma ta zo, ta nemi tabarma ta zauna a ƙasa, don ta daina yarda da gadajenmu. Na miƙa hannu. Gwaggo ta zura, ta tura, munduwa ta hau, ta hau, sai ta cije. Ta ƙara turawa da ƙarfi don kowa ya gani, ko motsi. Guɗa ta tashi har hara ta gaba. Gwaggo ta matsa damtsena, ta dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "An fara mutum." A makon nan aka kai ni, Usman ya tafi Jidda da aurensa, bayan shekara na bi shi, daga baya muka dawo gida tare.

Tun daga kaina kuma amaren Alsawra suka shiga sa'a. Kowacce gwaji ɗaya take ci. Masu jiki ma sai an shafa sabulu kafin munduwa ta wuce tafin hannu. Aka tambayi Gwaggo, ta ce hulbar bana ce ta yi ƙarfi. Shekara da shekaru hulbar bana na ƙarfi, mu kuma muna gyaɗa kai.

Da ta rasu ta bar wasiyya a ba Tsinke munduwa. Bayan an share makoki ina zaune ina juya ta a hannu, sai Usman ya zauna kusa da ni, da tumbin da Gwaggo ta yi wa tofi tun da ranta. Ya ce yanzu rantsuwarsa ta faɗi. Ashe ranar nan ba wurin mai magani ta je ba. Gareji ta same shi, ta sa ya raka ta layin maƙeran azurfa, bayan ta rantsar da shi ba zai faɗa ba sai bayan ranta. Maƙerin ya juya munduwar, ya ce irin wannan tsohuwar azurfa ba a samunta yanzu, ta yi tunani. Ta ce ya yanke. Garin mai ɗaci kuwa a bakin hanya ta saya, ita ma ba ta san ko na mene ne ba.

A bas, a hanyar dawowa, ta gaya masa abin da ba ta taɓa gaya wa kowa a gidanmu ba.

"Ni ma har hammata ta je min ranar aurena. Dangin miji suka yi dariya, suka ce an kawo musu itacen girki. Na yarda da su, har yau ban daina yarda ba. Shi ya sa ba na barin 'yar kowa ta fita a yi mata dariya. Amma yarinyar nan jikina ta ɗauko, kuma jiya na ga ta fara yarda. To ba da munduwar uwata ba."

Sai ta juya ta matsa damtsensa ta ce, kuma shi ya rage cin madidar amarya, ba don shi ake dafawa ba.

Na kai munduwar bakin ƙofa inda haske yake. Ga tabon nan ta ciki, siriri, inda aka yanke aka liƙe. Na yi dariya har na kasa tsayuwa, daga nan kuma abin ya juye, Usman ya rasa wanne zai rarrasa. 'Ya'yana huɗu yanzu, kuma har gobe ban kai "kara" ba. Amma duk ranar da na zura munduwar nan, a ƙasan gwiwa take tsayawa, daidai inda Gwaggo ta ce ta tsaya.

Allah ya jiƙan Gwaggo Ladidi, ya yafe mata, ya yalwata mata kabarinta. Mu da muka ɗauki makararta zuwa zaure mun ji yadda ba ta da nauyi ko kaɗan. Ya Allah, ranar awo, ka nauyaya mizaninta, ka haɗa mata da duk sukarin da ta hana bakinta. Amin.