Ruwan Cittar Gwaggo Merle

Gwaggo Merle, yayar babanmu, tana da shekara goma sha biyu ta sa hannu a takardar alkawari a cocinmu na garin Moonta, cewa giya ba za ta taɓa shiga bakinta ba. Irinsu ake ce wa teetotal: ba maye kaɗai suka guje wa ba, ko ɗigo ba sa ɗanɗanawa. Shekara sittin takardar na rataye a falonta.

Abin alfaharinta shi ne ruwan citta. Uwar haɗin, wato tsohon haɗin da ake ɗiba a tayar da sabo, na cikin wata kwalba da ta gada daga mahaifiyarsu Inna, kakarmu, kullum sai ta zuba mata cokalin sukari. In ta ɗura a kwalabe, sai su yi wata biyu a ajiye, wai ya fi daɗi.

Bara, muna dawowa daga walimar coci da rana tsaka, tana tuƙi ina gefe, 'yan sanda suka tsayar da mu kamar kowa.

"Hura nan, Mama," in ji wani ɗan sanda, yana miƙo mata na'urar gwajin giya.

"Ni? To, kawo."

Ta hura. Ya dubi na'urar, ya dube ta.

"Akwai giya a numfashinki. Ba ki wuce ƙa'ida ba, amma akwai. Me kika sha?"

"Ruwan citta, kofi huɗu. Nawa na gida!"

"To, ya tsimu ke nan, Mama."

Ta ja motar har gida. Muka tarar da ƙaninta, Baffa Lindsay, na faɗa masa. Sai ya fashe da dariya.

"Haba Yaya, wa bai sani ba? Kin zaci don wa'azi maza ke yin layi a teburinki ranar walimar coci?"

"Kun sani? Tun yaushe?"

"Tun zamanin Inna."

"Ita ma Inna ta sani?"

Nan dariyarsa ta ɗauke.

Gwaggo ta daɗe zaune, takardar a cinyarta, kwalbar a gabanta. Can ta miƙe, ta juye haɗin kakarmu a gindin bishiyar lemo. Ta dawo ta juya bayan takardar, ta rubuta kwanan watan ranar, ta sake sa hannu.

Kwalbar tana wurina yanzu. Na wanke ta sau uku, har yau tana ƙamshin citta.