Na Ce Wa Baba Ina Kano, Alhali Ina Chaina

Assalamu alaikum Edita. A shekarun da nake son ba da labarinsu, ni matashin ɗan kasuwa ne a Mubi, ina sayar da kayan gyaran babur, kuma kaina ya fara kumbura don na soma zuwa Chaina da kaina ina saro kaya. Gidanmu yana unguwar Lokuwa. Mahaifina ya zo daga Borno tun yana saurayi, ya tsufa a nan, kuma ba shi da abin alfahari kamar ni. Wannan alfaharin nasa ne ya riƙa ba ni haushi, Allah ya yafe mini.

Baba ba ya iya riƙe magana. Da na yi masa sallama zan yi tafiya, sai ya miƙe a masallaci bayan sallar asuba ya ce ɗansa zai tafi Chaina, a taya shi da addu'a. Shi ke nan na shiga uku! Kafin azahar ƙofar gida ta cika. Wannan yana son waya, wancan maganin ciwon gwiwa, har wani abokin Baba, manomi daga Sahuda, ya taɓa kawo mini mataccen injin feshi wai in kai wa masu shi su gyara. Sai ka ce Chaina bayan tasha take. A tafiyata ta huɗu na ce wallahi an gama. Na durƙusa gaban Baba na ce masa zan je Kano kwana goma, ya sa mini albarka. Matata kaɗai ta san gaskiya, na kuma ja mata kunne sosai.

Kwanana uku da sauka a Chaina saƙonta ya same ni: Baba ya faɗi a banɗaki, an kwantar da shi a asibiti, yana ta kiran sunana. Na kira ta, ta kara masa wayar a kunne. A nan ne ya kamata in faɗi gaskiya, amma kunya ta hana ni. Na ce masa gobe ina hanya. Da muryarsa da ta dushe ya ce in biyo ta Gombe, in kama motar safe, kada in yarda direba ya yi gudu da ni. Na ce to.

Na nemi jirgi, babu kujera sai bayan kwana biyar. Abin da na yi daga nan shi ne ya fi komai muni: na daina kira. Ba ni da sabuwar ƙaryar da zan yi masa, sai na zaɓi shiru. Matata ta roƙe ni tana kuka in bar ta ta faɗa, na daka mata tsawa na ce ta kuskura. 'Yan uwana suka tsare ta da tambaya, ta ce ita ma ba ta samuna. Baba ya rasu a rana ta huɗu, ina ɗakin otal ina ɗaure kwalaye. Ko jana'izarsa ban samu ba.

Na iso Mubi ana zaman makoki. Kowa ya yi mini gaisuwa sai ya dube ni, ina jin wasu suna raɗa cewa Kano dai ba bangon duniya ba ce. Na yi zaton zan ji cewa Baba ya tafi yana fushi da ni, har na shirya wa hakan. Da na shiga wurin mahaifiyata, Inna, sai ta ce mini bai yi fushi ba ko na minti ɗaya. Ta ce tun ranar da ban iso ba ya yanke cewa masu garkuwa da mutane ne suka tare ni a hanya, ana ɓoye masa ne kawai. Ya ce ya san ɗansa, babu abin da zai hana shi zuwa daga Kano sai in an riƙe shi. Ya daina cin abinci. Duk wanda ya zo dubiya, sai ya ce a bar tasa, shi ya riga ya tsufa, a roƙa wa yaronsa kuɓuta. Da wannan tashin hankali ya cika.

A gabanta na faɗi komai. Inna ba ta zage ni ba. Ta dai tambaye ni ko saƙon waya da maganin gwiwa ne suka fi ƙarfina haka, sannan ta juya fuskarta bango.

Har yau ina tafiye-tafiyena, amma ban ƙara fita ba tare da na faɗi inda za ni ba, ko da duk unguwa za ta biyo ni da saƙo. Na gane cewa sallama ba al'ada ce kawai ba, hakkin waɗanda ka bari a gida ne, don da ita suke auna jiranka. 'Yan uwana matafiya, in za ku ɓoye wa duniya tafiyarku ku ɓoye, amma ban da iyayenku. Ni na guje wa saƙon mutane, na sa tsohona ya ƙare kwanakinsa yana roƙon Allah ya fito da ni daga dajin da ban taɓa shiga ba.