Graeme Mai Makulli da Manhajarsa Sajan

Shekara talatin da ɗaya Graeme Tunks ya yi yana buɗe wa mutanen Fremantle ƙofofin da suka kulle kansu a waje. Da gwiwa ta fara yi masa gardama, sai ya sayar da shagonsa na makulli, ya shiga jami'a. Ya yi digirin farko, ya yi na biyu, sai ga shi a ofishinmu na ɗaliban digirin digirgir a Perth, yana da shekara hamsin da tara, da gajeren wando ko a sanyin Yuli, lokacin hunturu a can. Teburinsa na jikin nawa. Ranar farko na ɗauka gyara ya zo yi, har na nuna masa tagar da ba ta rufuwa. Ya gyara ta, sannan ya zauna ya kunna kwamfutarsa.

Malamarmu, Dakta Nilmini Perera, sa'ar 'yarsa ce. Shi yana ce mata Shugaba, ita kuma tana ce masa Dattijo.

Aikinsa shi ne ya koya wa ƙirƙirarriyar basira bambance fayil mai lafiya da fayil ɗin da masu kutse suka cusa wa mugunta. Ya tara dubban fayiloli iri biyun, ya yi wata takwas yana ɗura wa manhajarsa, wadda ya raɗa wa suna Sajan. Wata Talata da hantsi sai muka ji ya buga tebur.

"Ke Sela, zo ki gani! Sajan ya canka daidai kashi casa'in da tara da ɗigo takwas cikin ɗari!"

"Baba Graeme, anya kuwa? Tawa ko tamanin ba ta kai ba."

"Ai taki yarinya ce. Sajan tsohon hannu ne."

Kafin Juma'a labari ya gama gari. Ya faɗa wa matarsa Noelene, ya faɗa wa abokan kamun kifinsa, ya faɗa wa mai sayar masa da burodin nama. A gashin tsiren alade da naman sa da muke yi a bayan sashe duk ƙarshen wata, har ya tambayi wani farfesa yadda ake neman izinin mallakar fasaha.

Ranar Litinin Dakta Nilmini ta shigo da kofin shayinta, ta ja kujera. Ta ba Sajan jadawalin darussanta na wannan zangon.

Sajan ya ce ɓarawo ne.

Ta ba shi hoton karenta da ta ɗauka da safen nan. Ɓarawo. Sai ta lalubo wata tsohuwar muguwar manhaja da kowane ɗan aji ɗaya ya sani, ta miƙa masa. Sajan ya ce lafiya lau, a wuce.

"Dattijo," ta ce, tana danne dariya, "yaushe ka tara fayilolin kirkin nan?"

"Watan Maris."

"Miyagun fa?"

"Yuni." Kunnuwansa suka yi ja. "Kai, amma wannan ɗan banzan! Kwanan wata yake dubawa?"

Haka ne kuwa. Wata takwas Sajan bai koyi komai game da kutse ba. Ya dai lura cewa duk abin da aka ajiye daga Yuni zuwa gaba mugu ne, ya riƙe wannan, ya huta.

Graeme ya ɗauki jakarsa ya fita. Kwana huɗu ba mu gan shi ba. A na biyar Noelene ta kawo shi da kanta a mota, yana ƙarnin kifi, ta tura shi ciki kamar ɗan firamare.

"Ga kayanku nan," ta ce. "Firjina ya cika da kifi, ni kuma na gaji da ajiyar zuciya. Kai tsoho, zauna!"

Ya zauna. Ya ce da Dakta Nilmini shi kam ya tsufa da wannan harka, gara ya koma ga kwaɗon ƙarfe, wanda ba ya yi wa mutum ƙarya.

"To kafin ka tafi," ta ce, "kana jin kai kaɗai aka taɓa yi wa haka? Je ka gwada na manyan."

Wannan magana ita ta tsayar da shi. Ya sauko daga intanet da manhajoji goma sha tara irin Sajan waɗanda masana suka wallafa suna yabo, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da haƙurin mai sauraron ƙarar makulli. Ya canja wa fayil kwanan wata, ya canja masa suna, ya ƙara masa nauyi, ya ga wace ce za ta ruɗe. Bakwai suka faɗi. Duk wadda ta faɗi sai ya miƙe ya sara mata, ya saya mana gahawa. Tawa ma, ko da yake ba a wallafa ta ba tukuna, da ya gwada ta sai ta faɗi, kuma sai da na yi kwana biyu ba na gaishe shi.

Kundinsa a kan wannan ya tsaya: yadda irin waɗannan manhajoji suke cin jarrabawa da satar amsa, da yadda za a kama su. Masu duba kundin suka amince da shi, sai dai ɗaya ya nemi a rage barkwanci a babi na huɗu. Graeme ya cire biyu, ya bar tara.

Wani banki ya kira shi aiki bayan ya gama. Ya je sau ɗaya, ya ga ofishin a hawa na ashirin da shida yake, ya ce a kai kasuwa. Yanzu kwana biyu a mako yake koyarwa a sashenmu, ranar Laraba kuma yana ɗakin karatu na unguwarsu yana nuna wa tsofaffi yadda ake gane saƙon 'yan damfara. Makon jiya na same shi can, wata tsohuwa ta riƙe masa hannu tana rantsuwa cewa ɗan sarkin da ke rubuto mata ta je ta same shi a ƙasarsu mutumin kirki ne.

"To, Hajiyata Beryl," yake ce mata, "mu tambaye shi sunan titinku mu gani. In ya sani, ni zan kai ki filin jirgi."