Bijimin da Ba Shi da Kai

Shekarata ta biyu ina koyar da zane da ƙere-ƙere a wata sakandare da ke wajen Shinkafi, shugaban makaranta ya kira ni ofishinsa. Ya ce mai duba makarantu zai zo ƙarshen zango. In ban nuna masa wani abin a zo a gani ba, za a cire darasina daga jadawali a ba malamin lissafi. Raina ya ɓaci, don dama malamin lissafin kullum sai ya tambaye ni ko an gama wasan laka.

Na yanke shawara 'yan aji uku su haɗu su gina bijimi da yumɓu, mai tsayin ƙugun mutum. Na raba su huɗu kamar yadda aka koya mana a kwaleji: masu ƙafafu, masu gangar jiki, masu tozo da wutsiya, da masu kai.

Ranar farko masu kai suka ƙi taɓa yumɓu. Babbansu ya miƙe ya ce, "Malam, mu dai ba mu yin kai. In munka yi, gobe ƙiyama cewa za a yi mu busa mashi rai." Na buɗe baki zan yi musu, sai na tarar ni ma haka aka karantar da ni a gida Ƙaura. Na ce su jira, zan yi tunani. Har zangon ya ƙare ban gama tunanin ba.

Masu gangar jiki kuwa 'yan Badarawa ne, iyayensu magina rumbu. Na kawo waya na nuna musu yadda ake ɗaura ƙashin cikin aiki. Suka saurare ni cikin ladabi, suka ajiye wayar a gefe. Suka kwaɓa yumɓu da yankakkiyar ciyawa, suka riƙa ɗora shi zagaye-zagaye, kullum kamu ɗaya, su bari ya sha iska. Cikin ya tashi fanko, da baki buɗe inda wuya zai zauna. Da masu ƙafafu suka ga girman cikin, suka yi ƙafafu gajeru masu kauri don su ɗauke shi. Kowa na tambaye shi sai ya ba ni dalilin da na kasa ƙaryatawa. Na rasa ko ni ke koyarwa ko ni ake koya wa.

Mutum ɗaya ce ta riƙe cewa bijimi muke yi: wata yarinya Bafulatana daga Jangeru, wadda ta karɓe aikin tozo ita kaɗai. Mako uku tana kansa. Ta gina, ta rushe, ta sake. Ta karkatar da shi hagu kaɗan, ta yi masa wani tabo da farcenta. Na ce ta daidaita shi.

"Haka nashi yake, Malam," in ji ta.

"Na wa?"

"Bajiminmu. Bara anka kore shi tare da sauran."

Ɓarayin shanu take nufi. Na bar mata tozonta yadda take so.

Ranar da mai dubawa ya zo, muka tsaya ƙarƙashin dogon yaro, ɗalibai a layi, shugaban makaranta a bayana. Mutumin ya zagaya abin sau biyu, ya leƙa ta bakin, ya ƙwanƙwasa cikin. Wani a cikin masu kai ya riga ya kifa 'yar jinka a kan bakin saboda ruwan sama, ban ma lura ba sai lokacin.

Fuskarsa ta washe. Ya ce, "Madalla! Ga malamin da ya san inda yake. Wata makaranta gumaka na tarar, na sa anka farfashe su. Wanga rumbu na, ko?"

Tozon yana gabansa, wutsiyar ma ga ta nan. Wallahi har yau ban sani ba ko bai gani ba ne, ko hanya ya buɗe mini. Shugaban makaranta ya yi gyaran murya.

Na ce, "Rumbu ne, ranka ya daɗe."

Aka bar mini darasina, har da ƙarin awa ɗaya a mako. Malamin lissafi ya ba ni hannu. Da kaka maigadin makaranta ya fara zuba gero a cikin abin, kuma ko tsagewa bai yi ba.

Da aka dawo hutu na kawo sabon yumɓu, kowa ya ɗiba. Yarinyar ta zauna a kujerarta, hannu a cinya. Na je na ajiye mata dunƙule a gabanta, ina jin kunya kamar wanda aka kama da sata. Ta dubi yumɓun, ta dube ni.

"Malam, wanga karon mi za mu ce mun yi?"

Na wuce kujera ta gaba na ajiye wani dunƙulen.