Saƙon Kawu da Na Goge

Ban nemi zama admin ba. Masu lambu na bakin tabkin Madarumfa ne suka buɗe gurup a waya, don a riƙa sanar da juna yadda albasa ta kwana a kasuwar Maradi, da inda aka samu taki, da wanda injin ban ruwansa ya mutu yana neman aro. Da aka zo neman mai riƙe gurup ɗin, sai aka ce ai ga mushe nan, wato malamin makaranta, wanda ke iya wa aji cike da yara, manya ba za su gagare shi ba. Ni ma haka na ɗauka. Ina koyarwa a lakwal, ina kuma da ɗan fegin salati da na gada, shi ya sa ni cikinsu.

Na zauna na tsara dokoki kamar na aji. Ban da siyasa, ban da zagi, ban da sa hoton mutum bai sani ba. Bokal, wato saƙon murya, kada ya wuce minti biyu. Na rubuta, na kuma karanta da baki saboda waɗanda ba su yi boko ba. Karatun dokokin ya ci minti biyar, amma ba wanda ya tanka a kan haka.

Kowa ya ce madalla, har da kawuna, yayan mahaifiyata. Kawu dattijo ne dogo, mai lambun zogale, kuma tun da ɗansa ya aiko masa da waya daga Agadez ya gano cewa a duniya akwai wurin da mutum zai yi magana ba mai katse shi. Bokal ɗinsa da sallama yake farawa, sai gaisuwa. Zai gaida mutanen gari, da na Safo, da na Sarkin Yamma, da masunta, da 'yan ci-rani, da marasa lafiya na gida da na asibiti. Kafin ya iso ga abin da ke tafe da shi, mutum ya shayar da fangali uku.

Wata Talata da hantsi, yara sun fita shan iska, na buɗe waya na ga Kawu ya aiko da bokal na minti goma sha ɗaya. Na kara a kunne. Bayan gaisuwa sai murya ta canja. Ashe jakin wani mai amalanke, wanda shi ma yana cikin gurup ɗin, ya tsinke ya shiga lambun Kawu ya yi wa zogale aski. Kawu ya fara da jakin, ya koma kan mai shi, ya ce halinsu ɗaya, ya haura ga uban mai jakin, har ya taɓo kakansa da ya rasu tun ban san kaina ba.

Mai amalanken nan ƙato ne, kuma ba a san shi da haƙuri ba. Na duba na ga mutum uku ne kawai suka buɗe saƙon. Na danna, na goge.

Abin da ban sani ba shi ne, saƙo in an goge shi yakan bar gurbi. Kowa ya buɗe wayarsa sai ya ga wurin maganar Kawu fayau, da rubutu ƙarara cewa admin ne ya goge. Mutum ukun da suka buɗe kuwa, da aka tsare su da tambaya, sai ta bayyana ba wanda ya wuce gaisuwa. Ɗayansu ya rantse ya kai har marasa lafiya na asibiti, sannan ya ajiye.

Kafin la'asar gari ya ɗauka. A wurin mai shayi na ji ana cewa Kawu ya tona asirin wasu manya da suka karkatar da taki. A bakin tabki masunta suka ce a'a, ya ambaci waɗanda ke kamun kifi da ragar da aka hana. Matata ta dawo daga gidan suna da labarin cewa Kawu ya sanar zai tsaya takarar kansila, ni kuma an saye ni na rufe masa baki. Ta dube ni da kyau ta ce in an ba ni wani abu, ita ba ta gani ba.

Na zaci Kawu zai fito ya faɗi gaskiya. Ina! Mutumin nan sai ya sauya tafiya. Ya fito da hular da yake sawa ranar salla. In an tambaye shi abin da ya ce, sai ya dubi nesa, ya girgiza kai, ya ce, "Abin da na hwaɗi, na hwaɗi. Wanda ya goge ya sani." A masallaci har matsa masa ake yi a sahun gaba. Ni kuma ba dama in buɗe baki, don in na maimaita maganar, na zagi kakan mai amalanke da bakina ke nan.

Kwana biyu da haka Inna ta aika a kira ni. Na same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa na gaishe ta, ba ta ɗago ba.

"An ce ka toshe ma yayana baki."

"Inna, ba toshewa na yi ba. Saƙo ne guda na cire."

"Da mi ka cire shi?"

"Da yatsa."

Ta ajiye ƙwaryar. "Mutumin da ya goye ka a wuyanshi zuwa kallon kokawa, shi za ka sa ma yatsa? Tashi ka maida mishi maganarshi inda ka ɗauke ta."

Na ce ba ta mayuwa. Ta ce to ina na kai ta? Na ce ta tafi ke nan. Ta ce ita dai ba ta taɓa jin maganar da aka faɗa ta ɓace ba, sai a zamanin 'yan boko. Na fita da kunya kamar yaron da aka kora daga aji.

A makon nan Kawu ya fice daga gurup ɗinmu. Ya je wurin mai cajin waya na bakin tasha aka buɗe masa nasa, ya sa masa suna Faɗi Ka Huta. Dokarsa ɗaya ce: babu doka. Mutanena suka kwashe suka bi shi, suna sa ran jin asirin da na binne. Ni ma aka jefa ni ciki, ina jin don in gani in ji haushi. Na kuwa ji. Gurup ɗina ya zama kufai, sai ni da wani tsoho mai aiko da barka da Juma'a ko da ranar Litinin ce.

Kwana uku na farko Kawu ya sha daɗi. Yana bokal na minti ashirin ana yi masa kabbara. A na huɗu aka fara musu kan wane kifi ya fi daɗi, aka ƙare da gorin dangi. Wani ya shiga tallan maganin basir safe da yamma. Sai kuma wani, har yau ba a san inda ya samo ba, ya sako hoton Kawu yana gyangyaɗi a wurin ɗaurin aure, baki buɗe, hula ta karkace. Daga nan duk wanda aka yi wa dogon bayani sai ya amsa da hoton nan.

Mai amalanke ne ya ƙarasa shi, kuma ba da gangan ba. Ya aiko da bokal cikin ladabi yana neman shawara: jakinsa ya ci zogalen wani dattijo kwanakin baya, tun ranar cikinsa bai daidaita ba, ko akwai wanda ya san irin abin da dattijon ke zuba wa shukarsa? Kowa ya san lambun zogale ɗaya ne a hanyarsa. Matan da ke sayen ganye wurin Kawu suka fara tambaya.

Washegari ina tsakiyar darasin lissafi na hango hula ta taga. Na fita. Kawu ya ja ni bayan aji, ya waiga hagu da dama, ya miƙo mini waya.

"Kai, ɗan nan. Wannan abin da ka yi mini rannan. Ina aka dannawa?"

"Wane abu, Kawu?"

"Kar ka maishe ni yaro. Gogewa."

Na so in ja masa rai, amma na ga idonsa ya faɗa. Na nuna masa. Na kuma nuna masa yadda ake fitar da mutum gaba ɗaya, wanda da na sani da ban yi ba. Kafin azahar ya goge hotonsa sau tara, ya kori mai maganin basir, ya kori masu musun kifi, ya kori wani bawan Allah da bai taɓa cewa uffan ba, wai shirunsa ya yi yawa. Garin neman korar mai amalanke, da yake ba da tabarau yake ba, ya danna wani wuri ya fitar da kansa. Gurup ya zama ba shugaba, sai wayar ta zaɓi wani da kanta. Mai amalanke ta zaɓa.

Da yamma ya same ni a lambu ina cire ciyawa. Ya daɗe tsaye yana yaba salatina, abin da bai taɓa yi ba. Can ya ce in mayar da shi wancan gurup ɗin namu na da. Na ce sai dai mu fara zuwa wurin mai amalanke a yi maganar jaki baki da baki. Ya yi gunaguni, amma ya bi ni. Mutumin ya ba da haƙuri nan take, ya ce bai san ɓarnar ta kai haka ba, ya kawo kara amalanke guda aka gyara shingen lambun. Bai taɓa sanin abin da aka ce game da kakansa ba, mu ma ba mu ga dalilin sanar da shi ba.

A hanyar komawa gida na mayar da Kawu cikin gurup, wanda mutanena suka riga suka fara dawowa cikinsa. Ya tsaya ya duba wayarsa ya tabbatar, sannan ya dafa kafaɗata ya ce yana da shawara: na cika sanyi, mutanen nan ba su da ladabi, in riƙa korarsu tun da wuri. Ya ce in ina jin nauyin wasu, in kawo masa wayar ya yi mini. Na ce na gode, na sa ta a aljihun da ke nesa da shi.